LABURAREN SHARI'A NA JAMI'A DA AMFANINSA GA MAI NAZARIN HAUSA: MISALI DAGA ƘASAR BAHINDI

1.0 GABATARWA

Akasarin ɗaliban sashen Hausa, idan aka ɗora masu aikin bincike, wurare uku suka sani: kantar littattafan Hausa ta babban laburare, da ɗakin ajiye kundayen digiri na sashe, sai kuma bakin dattawa a ƙauye. Laburaren tsangayar shari'a kuwa, kallon gonar wani suke yi masa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa harshen Hausa yana da wani reshe babba, watau Hausar kotu, wanda nazarinsa ba ya kammala sai an shiga wannan laburare. Reshe ne kuma mai haɗari, domin kuwa kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba tana iya raba mutum da gonarsa, ko da 'yancinsa.

Za a fara da bayanin kayan da ke cikin irin wannan laburare da yadda ake amfani da su. Daga nan sai a ɗauki ƙasar Bahindi, ta Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, a gwada abin da aka faɗa a kanta. An zaɓe ta ne don tana cikin masarautar Gwandu, tana kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, ga manoma ga makiyaya ga masunta, saboda haka dokoki iri-iri suka haɗu a kanta.

2.0 KAYAN DA KE CIKIN LABURAREN SHARI'A

Jami'o'in da suke koyar da aikin lauya sukan keɓe wa tsangayar laburarenta. A arewacin Nijeriya Jami'ar Ahmadu Bello ce ta fara, domin tun buɗe ta a 1962 take da tsangayar shari'a a Kongo, Zariya, inda daga baya aka kafa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci. Ɗan Bagudo kuwa ya fi sabawa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, wadda kuma babban laburarenta yake ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo na Gwandu. Kayan da ake samu a irin waɗannan wurare sun kasu gida huɗu.

2.1 Kundayen dokoki. Waɗannan su ne dokokin da hukuma ta zartar, tare da Gazet ɗin da ake fara buga su a ciki. Misalansu su ne kundin Dokokin Jihar Arewa na 1963, da kundayen Dokokin Tarayya na 1958 da 1990 da 2004, da tsarin mulki na 1979 da na 1999.

2.2 Rahotannin shari'a. Su ne littattafan da ake buga hukunce-hukuncen manyan kotuna a ciki, tare da dalilan alƙalai. Akwai na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, waɗanda ake taƙaita sunansu da WACA, akwai na Jihar Arewa, akwai kuma rahoton mako-mako da ake kira NWLR, wanda Gani Fawehinmi ya soma bugawa a 1985.

2.3 Littattafan fiƙihun Malikiyya. Alƙalan ƙasar Hausa sun daɗe suna dogara da Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Ga kuma na gida, irin su Liya'ul Hukkam na Abdullahi Fodiyo, da As'halul Madarik na Abubakar ɗan Hassan Bakatsine.

2.4 Littattafan sharhi da mujallu. A nan ne za a sami irin littafin Ruxton na 1916, wanda ya taƙaita Muhtasar da Turanci domin joji-joji, da na Anderson na 1954 a kan shari'ar Musulunci a Afirka, da kuma kundi mai juzu'i biyar da Philip Ostien ya shirya a 2007 a kan aiwatar da shari'a a jihohin Arewa daga 1999 zuwa 2006.

3.0 YADDA AKE AMFANI DA SHI

Bisa al'ada ba a ba da aron kundayen dokoki da rahotanni a fita da su, sai dai a karanta a nan, ko a ɗauki hoton shafin da ake bukata. Yawancin irin waɗannan laburare a Nijeriya suna jera littattafansu ne bisa tsarin da Elizabeth Moys, wadda ta taɓa aiki a Jami'ar Legas, ta buga a 1968. Lambobinsa sun sha bamban da na babban laburare, don haka tilas baƙo ya fara da teburin tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Abu na biyu shi ne sanin karanta adireshin shari'a. Idan aka rubuta (1947) 12 WACA 141, ana nufin hukuncin 1947 ne, yana cikin juzu'i na 12, ya fara daga shafi na 141. Abu na uku, doka takan canza, saboda haka wanda ya sami wani sashe a tsohon kundi sai ya bi Gazet ya tabbata ba a gyara shi ko an soke shi ba. A yau rumbunan kwamfuta irin su LawPavilion da HeinOnline sun sauƙaƙa wannan aiki a jami'o'in da suka biya kuɗin shiga. Amma duk da haka yawancin tsofaffin takardun Arewa a kan kanta suke, ba a intanet ba.

4.0 GWAJI A KAN ƘASAR BAHINDI

4.1 Ganganci da kuskure

Adireshin da aka kawo a sama na shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu ne, watau hukumar da Bahindi take ƙarƙashinta a wancan zamani. Kotun Sarkin Gwandu ta sami mutumin da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. Kotun Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa a dokar laifuffuka ta Turawa kisan da aka yi cikin tunzura ba ya kai mutum ga rataya.

Tushen saɓanin yana cikin ma'anar kalmomi. A mashahurin zancen Malikiyya kisa iri biyu ne, amdi da haɗa'i, waɗanda Bahaushe ya kira ganganci da kuskure. Wanda ya ɗauki makami ya sari wani da nufi, ganganci ya yi, ko da kuwa zuciya ce ta ɗebe shi. Dokar Ingila ita kuma ta buɗe wani gida a tsakiya, inda fushin da aka jawo wa mutum farat ɗaya yake rage masa laifi. Wannan saɓani ya ja gyare-gyaren doka na shekaru, har Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsa aka sami dokar Final Kot, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, wadda kuma sashenta na 222 ya karɓi uzurin tunzura.

To, ga tambayar mai nazarin harshe: wace kalma ce ta dace da wannan gida na tsakiya? Tsokana tana da sauƙi ƙwarai, har yara suna yin ta a wasa. Harzuƙa hali ne na wanda abin ya sama. Tunzurawa kuma tana iya nufin zuga mutum ya aikata ɓarna, wanda a doka laifi ne dabam. An fassara dokar da Hausa domin alƙalai, aka kuma horar da su a kanta a Zariya. Kwatanta wannan fassara da asalinta, sashe bayan sashe, ya isa kundin digiri.

4.2 Gona da burtali

Manomin Bahindi yana bambanta gonar gado da ta saye, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Ya san gandu, ya san gayauna, ya san saura. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da haƙƙi, amma ba kullum haƙƙin yake dacewa da abin da ke cikin littafi ba.

Alal misali, jingina. A al'adar wurare da yawa na ƙasar Hausa, wanda ya ba da rance yakan riƙe gonar yana noma ta har ran da aka biya shi. A fiƙihu kuwa, abin da ake kira rahanu tabbaci ne kawai na biyan bashi, kuma Malikawa ba su yarda mai ba da rance ya sharɗanta cin amfaninsa ba, don gudun riba. Tafintan da ya fassara jingina da rahanu kai tsaye ya riga ya shiga shari'ar, alhali ba a naɗa shi alƙali ba.

Haka kuma kalmar mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. A karkara, ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin riƙe ƙasa na gargajiya, kuma sashe na 6 ya ƙayyade mata kada ta wuce hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Ke nan idan manomi ya ce "gonata", shi mallaka yake nufi, doka kuwa haƙƙin riƙewa take ji. Mai son ya bi asalin maganar sai ya koma ga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, da dokar wuraren kiwo ta 1965 inda zancen makiyaya ya shigo, sannan ya gwada su da Ta'alimur Radi, littafin da Abdullahi Fodiyo ya rubuta a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita.

Akwai kuma shufa'a, watau haƙƙin fifiko wajen sayen abin da abokin tarayya ya sayar. Jama'a da dama sun ɗauka maƙwabci ma yana da shi. Amma a shari'ar Alkamawa da Bello, wadda ta taso daga Sakkwato, Kotun Ƙoli ta yanke a 1998 cewa a Malikiyya maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da wannan haƙƙi. A nan ma'anar kalma a bakin jama'a ta fi ma'anarta a kotu faɗi.

4.3 Ɗan ƙasa da baƙo

Iyakar da ke yamma da Bagudo ta samo asali daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta ran 14 ga Yuni, 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna a hannun Ingila. Dandawa da Fulani da sauran ƙabilun yankin suka wayi gari da dangi a kowane gefe.

A Hausa ɗan ƙasa yana iya zama wanda aka haifi kakanninsa a gari, yana kuma iya zama mai riƙe da fasfo. Baƙo kuma yana iya zama wanda aka shimfiɗa wa tabarma, ko wanda jami'in shige da fice yake nema. Doka ba ta yarda da wannan harshen damo ba. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya fayyace wanda yake ɗan Nijeriya ta hanyar haihuwa, kuma rahotanni sun ƙunshi shari'ar Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, wanda aka fitar zuwa Chadi a 1980 da sunan baƙo ne, kotu ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa. Bugu da ƙari, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutumin Benin damar shiga Nijeriya ba biza har kwana 90, kuma shawarar ƙungiyar ta 1998 ta tanadi takardar shaida ga makiyayi mai tsallaka iyaka da dabbobinsa. Duk waɗannan da Turanci da Faransanci aka rubuta su, alhali waɗanda abin ya shafa a bakin iyaka da Hausa da Dandanci da Fulatanci suke magana.

5.0 IYAKAR ABIN DA LABURAREN ZAI BAYAR

Wajibi ne mai bincike ya lura da abu guda. Rahotannin shari'a na manyan kotuna ne, da Turanci kuma ake buga su, don haka maganar mai ƙara da ta shaidu ta riga ta bi ta hannun mai fassara kafin ta iso shafin. Ainihin Hausar tana cikin littattafan da muhuti da magatakarda suke rubutawa a ƙananan kotuna, watau kotunan yanki da suka gaji na En'e a 1968, da kotunan shari'a da aka kafa daga 2000. Ko shari'o'in da Ostien ya buga, daga Hausa aka juya su. Saboda haka laburaren zai ba ɗalibi doka da ma'anar da kotu ta ba kalma, amma dole ya haɗa da littattafan kotu, da fayilolin Lardin Sakkwato da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da kuma hira da tsofaffin alƙalai da tafintoci.

6.0 KAMMALAWA

An ga yadda laburaren shari'a ya ƙunshi dokoki, da rahotanni, da fiƙihu, da sharhi, an kuma ga yadda kalmomi irin su ganganci, jingina, mallaka da ɗan ƙasa suke sauya nauyi idan suka shiga kotu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Wannan haƙƙi ba zai tabbata ba sai da tafintan da ya san kalmomin da ma'anoninsu a ɓangarorin biyu. Lauya ya san doka amma ba a horar da shi a kan ilmin ma'ana ba, mu kuma an horar da mu amma ba mu leƙa dokar ba.

Don haka ana ba da shawara sashe ya nemi haɗin gwiwa da tsangayar shari'a, a riƙa kai ɗaliban darasin fassara su koyi amfani da laburarenta, a kuma ƙarfafa wa masu rubuta kundi su tattara kalmomin kotu na yankunansu, gari-gari, da niyyar a wayi gari da ƙamus na Hausar shari'a. Allah ya sa mu dace, amin.