DARASI: ZAƁEN KAYAN SANYI MASU ARAHA DON IYALI MASU TAFIYAR ƘASA

Manufar darasi

'Yan'uwa, wannan darasi zai taimake mu mu san irin tufafin da ya kamata mu saya wa iyalinmu kafin hunturu, ba tare da mun ci bashi ba.

Halin da muke ciki

Daga Disamba zuwa Janairu iskar hunturu takan buso daga hamada da ƙura. A ƙasar Gobir sanyin asuba yakan kai digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, musamman a fadamun Bunsuru da Rima. Da rana kuwa zafi yakan haura digiri 30. Wanda ya bar Tsamaye da asuba zuwa kasuwar Sabon Birni, ko zuwa lambu, zai fita yana rawar ɗari, ya dawo yana zufa. Rashin tsaro ma ya ƙara mana tafiyar ƙasa. A 2019 dubban mutane daga yankin Sabon Birni da Isa sun tsallaka zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, da yawansu a ƙafa, da yara a goye. Saboda haka kowane gida yana bukatar kayan sanyin da za a iya tafiya da su.

Riguna uku marasa nauyi sun fi babbar jaket guda

Jikinmu ne ke ba da ɗumi. Aikin tufafi shi ne su tare wannan ɗumi kada iska ta kwashe shi. Iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumin.

1. Ta ciki: riga marar kauri wadda ta kama jiki. Idan ta jiƙe da zufa a sāke ta, domin jiƙaƙƙiyar riga tana jawo sanyi da zarar an tsaya hutawa.
2. Ta tsakiya: suwaita mai laushi. Ita ce mai riƙe ɗumi.
3. Ta waje: riga mai santsi, mai dogon hannu, wadda iska ba ta ratsawa. Ƙarangiya tana maƙale wa suwaita, amma ba ta kama yadi mai santsi sosai.

In rana ta ɗaga sai a tuɓe ɗaya a ɗaura a ƙugu. Babbar jaket tana da tsada da nauyi, kuma mutum ɗaya kaɗai take yi wa amfani.

Wa za a fara saya wa?

Idan kuɗi ba su isa kowa ba, a fara da jarirai, sai ƙananan yara, tsofaffi, masu ciki da marasa lafiya. Kan jariri babba ne in aka gwada da jikinsa, don haka yana saurin rasa ɗumi ta kai. Hula da safa su ne mafi araha, kuma amfaninsu yana da yawa. A sayi rigar yaro da ɗan girma, ta yi masa shekara biyu, sannan ta koma ga ƙaninsa. Zane, mayafi, rawani da bargon da muke da su a gida duk kayan sanyi ne, kada mu raina su.

A wurin mai gwanjo

Yawancin gwanjo daga Turai, Amurka da Sin yake zuwa cikin dila, kuma da yawa ta tashar jirgin ruwan Kwatano yake biyowa. Shi ya sa kuɗinsa ke hawa idan an rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ga abin da za mu kula da shi:

• Ku saya a Oktoba ko Nuwamba, da kaka, kafin kowa ya ruga kasuwa.
• Ku ɗaga rigar ku duba ta a hasken rana. Idan haske yana ratsa ta sosai, iska ma za ta ratsa.
• Ku gwada zif da maɓalli, ku duba hammata, wuya da bakin hannu. Ƙaramar yaga tela zai ɗinke, sai ku nemi ragi a kanta.
• Takalmi ya zama sau ciki, a gwada shi da safa. Matsattsen takalmi yana kawo bororo, silifa kuma ba ya kāre ƙafa daga ƙaya da faso. A riƙa shafa man kaɗanya ko basilin da dare.
• A wanke gwanjo da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana kafin a sa, saboda ƙwarƙwata da ƙazuwa.

Gidaje da yawa, ko zumuntar mata, suna iya yin adashi su sayi dila guda su raba. Haka ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, kuma za a sami abin ba gwauraye, marayu da baƙin da suka gudo.

Gargaɗi

Yadin leda yana narkewa ya manne a fata idan wuta ta taɓa shi. Kada a bar yaro mai irin wannan riga kusa da wutar jin ɗumi. Kada kuma a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuwa kisa. Idan yaro yana tari yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, yana iya zama nimoniya. A kai shi asibiti a ranar.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Su wane ne a ƙauyenmu suka fi shan wahalar sanyi bara?
2. Waɗanne kaya muke da su a gida da za a gyara maimakon sayen sabo?
3. Idan ya zama dole mu bar gida da dare, kayan sanyin yara suna wuri ɗaya a ɗaure?
4. Gidaje nawa za su haɗa kuɗi bana, kuma wa zai riƙe su?