Darasi na Goma Sha Biyu: Daga Ɗan Wasa Zuwa Mai Horarwa

Gabatarwa

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa ganin matasa sun kewaye wani teburi mai koren ƙyalle, kowa da doguwar sanda a hannu. A wannan darasi za ka karanta tarihin wani gwanin wasan sunuka wanda ya koma malami. Yayin da kake karatu, ka lura da kalmomin "koyo" da "koyarwa".

Karatu

Ana buga sunuka a kan teburi mai ramuka 6, da ƙwallaye 22. Fara guda ɗaya ce, ita ake dungura da sanda domin ta tura sauran cikin rami. Jajaye 15 ne, kowace tana da maki 1. Ragowar shidan kuwa makinsu ya fara daga 2 ya ƙare a 7, wanda shi ne makin baƙar ƙwallo. Wasan ba na ƙarfi ba ne, na natsuwa ne da lissafi.

An haifi Terry Griffiths a garin Llanelli na ƙasar Wales, cikin Birtaniya, a shekarar 1947. Bai tashi a matsayin ƙwararren ɗan wasa ba. Ya yi aikin karɓar kuɗi a motar haya, ya yi rabon wasiƙu, sannan ya yi aikin inshora. Sai bayan ya tashi daga aiki yake zuwa buga sunuka. A 1975 ya lashe gasar 'yan sha'awa ta Wales, ya kuma lashe ta Ingila a 1977 da 1978.

A 1978, yana da shekara 30, ya yanke shawara mai nauyi. Ya ajiye aikin da ke ba shi albashi, ya rungumi wasa a matsayin sana'a, alhali yana da iyalin da zai ciyar. Ka tuna cewa a irin wannan sana'a, wanda bai yi nasara ba ba ya samun abin kirki. Amma Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci. A 1979 ya shiga gasar duniya a karon farko, a zauren Crucible da ke birnin Sheffield. Sai da ya bi ta wasannin share fage kafin ya samu gurbi. Duk da haka ya kai wasan ƙarshe, ya doke Dennis Taylor da zubi 24 da 16, ya zama zakaran duniya. Ya ƙara da kofin Masters a 1980 da kofin Birtaniya a 1982. A 1988 ya sake kaiwa wasan ƙarshe na duniya, amma Steve Davis ya rinjaye shi.

An san Griffiths da rashin gaggawa. Yakan daɗe yana nazarin teburi kafin ya sunkuya ya buga, har wasu 'yan kallo su ƙosa. Wannan halin ne ya amfane shi daga baya.

A 1997 ya buga wasansa na ƙarshe a gasar duniya. Wani matashi ɗan ƙasarsu mai suna Mark Williams ya doke shi da zubi 10 da 9. Daga nan ya ajiye gasa, ya duƙufa ga horar da 'yan wasa. Abin sha'awa, shi wannan Williams ɗin ya zama ɗaya daga cikin almajiransa, kuma ya ci kofin duniya har sau uku: 2000, 2003 da 2018. Stephen Hendry, wanda ya ci kofin duniya sau bakwai, shi ma ya nemi taimakonsa, haka nan Ding Junhui na ƙasar Sin da Mark Allen.

Za ka iya tambaya: me zakara zai koya wajen wanda bai kai shi yawan kofuna ba? Amsar ita ce, ɗan wasa ba ya ganin kansa lokacin da yake bugu. Mai horarwa ne ke tsayawa gefe, ya duba tsayuwarsa, da riƙon sandarsa, da yadda yake daidaita idonsa. Haka kuma shi ke kwantar masa da hankali idan tsoro ya kama shi. Iya abu daban, iya koyar da shi daban. Griffiths ya haɗa biyun. Ya rasu ranar 1 ga Disamba, 2024, yana da shekara 77.

Ma'anar Kalmomi

- zakara: wanda ya fi kowa a gasa
- zubi: wasa ɗaya daga farawa har a kammala ƙwallayen teburi
- share fage: wasannin tantancewa kafin babbar gasa
- duƙufa: mai da hankali ƙwarai ga wani aiki
- ƙosa: gajiya da jira

Nahawu

Dubi waɗannan jimloli:

1. Williams ya koyi dabara.
2. Griffiths ya koya wa Williams dabara.
3. Griffiths ya koyar da 'yan wasa.

A jimla ta farko, ilimi ya shiga wurin mai aikatawa. A ta biyu da ta uku, daga wurinsa ya fita zuwa ga wani. Ka kiyaye, "koyar" yana tafiya da "da" idan abin da aka aikata wa ya biyo baya.

Tambayoyi

1. Ƙwallaye nawa ake amfani da su a sunuka?
2. Kawo ayyuka biyu da Griffiths ya yi kafin 1978.
3. Wace kasada ya yi yana da shekara 30?
4. Me ya sa zakara yake bukatar mai horarwa?

Jinga

Rubuta jimloli biyar a kan wani mutum da ya koya maka wata sana'a ko wasa. Yi amfani da "koyi", "koya wa" da "koyar da".