YAWAN TUNANI: CIWON DA BA YA ZUB DA JINI

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18. A karanta shi a gida tukuna, kāna a bi wannan darasi.

Idan kunama ta harbi yaro, gida duka yakan tashi, wani ya kawo fitila, wani ya ruga neman magani. Amma akwai wani ciwo wanda yakan shiga gida shiru, ya yi wata da watanni ba wanda ya kira sunansa. Maigida ya daina hira. Ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ko kuwa ya farka tun kafin zakara ya yi cara, ya zauna yana kallon ƙasa. An kawo tuwo, ya yi loma biyu ya ture akushi. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun fita shuka, shi kuwa ya ce jikinsa ba ƙarfi. In ka tambaye shi sai ya ce kansa ke zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu na yawo cikin jikinsa. Mukan ce, "Ai yawan tunani ne," sai mu wuce, sai ka ce tunani ba ya kashe mutum.

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan ciwo ne na gaske, likitoci sun san shi. In baƙin ciki da rashin marmarin kome suka danne mutum kusan kullum har sati 2 ko fiye, suka hana shi aikinsa, to, ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekara ta 2019 mutum ɗaya cikin 8 a duniya yana ɗauke da wani irin ciwo na tunani ko na ƙwaƙwalwa. A wuraren da aka sha yaƙi kuwa, ɗaya ne cikin 5.

Mu mutanen ƙasar Gure ba sai an nemo mana dalili daga nesa ba. Tsofaffinmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da mai garke ya koma mai sanda kaɗai. Yunwar 2005 ba ta yi nisa ba. Rairayi yana cin gonaki, yana binne kwaruruka inda ake samun dabino da kanwa. Samari sun bi Libiya, waɗansu sun bi zinariyar Jado tun 2014, akwai waɗanda suka komo hannu wofi, da tiramol a aljihu. A watan Janairu na 2015 aka ƙone ɗakunan sujada a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu cikin kwana biyu, wutar kuwa ta iso har nan Gure. Wata ɗaya bayan haka aka kai wa Difa da Boso hari. An sāke gina bango, an sa sabon kwano, amma akwai mutanen da har yau in sun ji hayaniyar taro gabansu yakan faɗi, dare kuma ya komo musu da abin da suka gani.

YADDA ALLAH YA YI DA ILIYA

Waɗansu masu bi sukan ce wanda ya dogara ga Ubangiji ba ya shiga irin wannan hali. Sai mu dubi Iliya. Wannan annabi ne wanda ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a wuta ta sauko. Ba a daɗe ba Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Ka lura, ya fara raba kansa da mutane tukuna. Haka ciwon nan yake yi, yakan kai mutum inda ba mai ganinsa.

To, me Allah ya yi? Bai tsauta masa ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa ga tulun ruwa, ya ci ya sha ya koma ya kwanta. Aka sāke tashe shi, ya sāke ci. Sai da jiki ya sami ƙarfi, ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, a can ne Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Iliya ya zazzage kukansa duka. Cikin maganarsa akwai abin da ba daidai ba, gama ya ɗauka shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Duk da haka Allah ya sāke yi masa tambayar, ya saurari kukan nan sau na biyu, kāna ya gyara masa lissafi. Daga nan ya ba shi aikin yi, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiyarsa.

Mu kuwa mukan fara daga ƙarshe. Mu shiga ɗaki da ayoyi, mu ce, "Ka yi haƙuri, ka ƙara bangaskiya, wane ya fi ka wahala." Mutumin ya ce to, mu fita, mun ƙara masa kaya, gama yanzu yana ganin har Allah ma ya yi fushi da shi. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, a ganina nan ne suka yi aikin kirki. Da suka buɗe baki suka shiga neman zunubin da ya jawo masa masifa, a ƙarshe Allah ya yi fushi da su.

BENCIN KAKANNI

A ƙasar Zimbabuwe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, Dikson Cibanda. Ya ga likitoci irinsa ba su da yawa, marasa lafiya kuwa ba iyaka. A shekara ta 2006 ya tara tsofaffin mata a wata unguwa ta birnin Harare, ya koya musu sauraro, aka ajiye musu benci na katako a harabar asibiti. Mutanen can ma da harshensu sukan kira ciwon nan yawan tunani, kamar mu. Mai damuwa yakan zo ya zauna da kaka har sau 6. Ba ta ba shi ƙwaya, ba ta yanke masa shawara. Takan bar shi ya faɗi abin da ke cinsa duka, su jera matsalolin, shi da kansa ya zaɓi guda ɗaya, su nemi abin da zai iya yi a kanta cikin satin nan, ya je ya gwada, ya komo ya ba da labari. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum 573. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna a benci wajen 14 cikin 100 ne ciwon bai sake su ba, cikin sauran kuwa wajen rabi.

Wace ikilisiya ce a ƙauyukanmu ba ta da benci, ba ta da tsohuwa mai hankali? Zumuntar mata za ta iya ɗaukar wannan aiki gobe. Sai dai akwai sharaɗi guda mai wuya, watau riƙon asiri. Abin da aka faɗa maka a gindin bedi kada ya fito ran Lahadi da sunan roƙon addu'a. Sau da yawa "mu yi wa wance addu'a" tsegumi ne ya sa rigar sujada. In kana so jama'a su yi addu'a, ka nemi izinin mai maganar tukuna.

Sauraro kuma ba ya cika rumbu. In bashi ne ke hana shi barci, dattawa su zauna da mai bin bashin a tsai da lokaci. In gona ce ta gagara, a yi masa gayya, amma a tafi da shi, ko da iri kaɗai zai riƙe, gama zaman ɗaki abincin ciwon ne. 'Ya'yansa kuma kada a cire su daga lakwal, a gaya musu da baki cewa baba ba shi da lafiya, ba laifinsu ba ne. Yara sukan ɗora wa kansu abin da manya suka ɓoye.

MAI JEGO

Nan ina so mazaje su buɗe kunne. Mata da yawa sukan yi kuka ba dalili kwana kaɗan bayan haihuwa, wannan yakan wuce cikin sati 2. Amma fiye da mace ɗaya cikin 10 abin yakan zarce, ta rasa barci ko da jariri ya yi barci, ta ga kamar ba ta iya kome ba, jaririn ma ba ya ba ta sha'awa. Al'adarmu ta kunyar ɗan fari takan rufe wannan, a ce ai kara take yi. Uwar miji da ungozoma su duba da kyau, mai kunya tana cin abinci, tana dariya da ƙawayenta, tana satar kallon ɗanta. Mun iya wankan jego da kunu, mu ƙara da tambaya, "'Yata, yaya zuciyarki?" In kuwa mai jego ta fara sambatu, tana jin muryoyi, ko tana cewa jaririn ba nata ba ne, kada a bar ta ita kaɗai da shi, a kai ta asibiti a ranar.

LOKACIN DA BENCI BAI ISA BA

In mutum ya ce gara ya mutu, ko ya shiga raba kayansa yana sallama, kada ka ce wasa yake. Ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum abin da ba ya ransa, sau da yawa ma sauƙi yake ji an gane shi. A kwashe maganin ƙwari na gona da na ɓera, da igiya, da ƙwayoyi, a kulle su a wani gida. Wani ya kwana tare da shi, da safe a tafi asibiti. Haka kuma wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai ko kuwa sanƙarau, awa ɗaya ma tana da tsada.

Na san abin da wani zai ce, "Dattijo, ba aljanu ba ne?" Littafi Mai Tsarki bai musa akwai mugayen ruhohi ba. Amma ka duba Matiyu 4:24, inda aka lissafta waɗanda aka kawo wa Yesu, masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Ba kowane ciwon kai ne iska ba. Annabi Ishaya da kansa ya sa aka ɗora wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, Luka kuma wanda ya rubuta Bishara likita ne. Mu yi addu'a, mu kuma hau mota. Mari da sarƙa da bulala da azumin dole kuwa, ba su da wuri a gidan mai bi. Mutumin nan na cikin Markus 5 an sha ɗaure shi da sarƙa, ba ta warkar da shi ba.

A fara da malamin asibiti na kusa, shi zai tura ku asibitin Gure, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku babban asibitin Damagaram, inda ake duba masu ciwon ƙwaƙwalwa. Tafiyar ta fi kilomita 150, ikilisiya ta taimaka da kuɗin mota. Wanda ya san yadda ciwon ya fara shi zai raka shi, ya gaya wa likita gaskiya, har da tiramol ko giya ko jiƙon da aka sha. Tun 1954 Dokta Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta a Nijeriya, cewa mai irin wannan ciwo ya fi samun sauƙi in yana zaune cikin jama'a da ɗan'uwansa kusa da shi. Maganin baƙin ciki ba ya aiki kamar maganin ciwon kai, yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ga canji, kuma akan ci gaba da shansa watanni bayan an ji sauƙi. Mutum ɗaya a gida ya riƙe ƙwayoyin, ya ba shi a kan lokaci, ya rubuta ranar komawa wurin likita a bangon ɗaki.