Kujerar Kishingiɗa da Kuɗin Shinkafa

Ɗana, mahaifiyarka ta ce ka nuna mata hoton wata kujera a wayarka, irin doguwar nan mai majingini a gefe guda da mutum ke miƙe ƙafa a kai, ita ba gado ba, ita ba kushin ba. Wai ka ce da ka sayar da shinkafar bana ita za ka sawo. Ta ce in hana ka. Ba zan hana ka ba. Wanda ya wuni a duƙe cikin taɓo yana dashe, ko ya kwana a bakin kanal yana jiran layin ruwa ya zo kansa, bai yi laifi ba don ya so wurin miƙe ƙugu. Sai dai ina so ka auna wasu abubuwa kafin ka zura hannu a aljihu.

Mu fara da kuɗin, domin nan ne gizo ke saƙa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa gangaro mana ta Ruwan Kanya zuwa Kadawa da Bunkure da Kura da Garun Malam, noman damina ɗaya ya zama tarihi a wurinmu. Alheri ne babba, mun gode Allah. Amma ruwan ya zo da sharaɗinsa. Iyayenmu in sun zuba gero da dawa a rumbu, sun gama da gona sai wata shekara. Wasu su koma marina, wasu su tafi cin rani. Kai kuwa kana bugun shinkafar damina alkama na jiranka, ita kuma ba ta son a makara, dole ta shiga ƙasa kafin sanyi ya yi nisa. Ga tumatir, ga albasa. Saboda haka kuɗin da dillali ya ƙirga maka a kan shanshera, tun kafin su shiga aljihunka suna da masu su. Zakka tukuna. Sannan mai tarakta, sannan iri, sannan kamfa da yuriya, ga maganin feshi, ga kuɗin ruwa, ga 'yan ƙwadago da ba sa jin “sai gobe”. In kuma gonarka na can ƙarshen layi inda sai an tayar da inji, ka fi ni sanin abin da fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Sai ka ware duk wannan, ka ajiye buhunan ci na gida, ka duba abin da ya rage. In kujerar za ta fita daga ragowar, bismilla. In sai ka taɓa kuɗin taki, ko ka karɓa bashi a kan tumatirin da bai yi fure ba, ka bari. Kana yaro a 2016 lokacin da tsutsar nan ta cinye tumatir, kasuwar Kwanar Gafan da ake cika manyan motoci zuwa Legas ta yi tsit, har kamfanin Dangote na Kadawa da aka buɗe a shekarar ya tsaya saboda rashin tumatirin da zai sarrafa. Shekarar nan na ga magidanta sun fito da kayan ɗaki suna neman mai saye. Kujera kuwa da ta shiga gida ta kwana, rabin kuɗinta ya tafi. Tunkiya in ka matsu ka kai ta kasuwa ka dawo da abinka, wani lokaci har da riba.

To, a ce kuɗin sun isa. Ina za ka sa ta? Irin wannan kujera tsawonta kan kai ƙafa 5 zuwa 6, kuma ba ta lanƙwasuwa. Ka ɗauki igiya ka auna bangon da kake nufi, ka auna faɗin ƙofa, ka auna kwanar da za a karya da ita daga soro zuwa tsakar gida. Hoton da ka gani an ɗauke shi ne a falon da ya kai rabin gidanku, shi ya sa ta yi kyau. A naka falon akwai kushin mai zaman mutum uku da iyayen maiɗakinka suka jera mata, akwai kabad ɗin kwanukanta, akwai wurin da take shimfiɗa darduma ta yi salla. Falon nan, in ana maganar gaskiya, nata ne. Ka nuna mata hoton, ka ji ta bakinta, domin ita za ta share ƙarƙashinta kullum, ita kuma za ta riƙa hana yara tsalle a kai.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba za su faɗa maka ba. An yi kujerar nan ne don mutum ɗaya ya kishingiɗa, a gidajen da mutum ke rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai da littafi. Gidanmu ba haka yake ba. Ranar suna mata ashirin za su cika ɗaki. Surukinka zai shigo, ni zan shigo, ba za ka miƙe ƙafa a gabanmu ba, mu ma ba za mu kwanta a gabanka ba. A ƙarshe a bar ta babu kowa, kowa ya zauna a tabarma, ko kuma ta zama wurin tara wanki. Ta ci wurin mutum uku tana ɗaukar ɗaya. Ka tambayi kanka da wane lokaci za ka hau ta. In da azahar ne a watan bazara, ɗaki mai rufin kwano ba ya zaunuwa, gindin darbejiya za ka nufa da tabarmarka. In bayan isha ne, sauron da ruwan shinkafa ke haifar mana ba zai bar ka ba sai ka shige gidan sauro. Amma in kana da ɗakinka na kanka a waje, inda kake zama da rediyo bayan la'asar, to a can kujerar za ta yi amfani, kuma a can nake ganin ta dace.

In ka tsai da shawara, kada ka ɗauki wadda aka riga aka lulluɓe aka ajiye a bakin titi. Yadi mai sheƙi yana ɓoye bara-gurbin katako. Ka samu kafinta a nan Kura ko Bunkure wanda ka san shagonsa, ku shiga 'Yan Katako na Na'ibawa tare, ka zaɓi katako busasshe mai nauyi da hannunka. Ɗanye yana bushewa ne a ɗakinka, ya karkace, ƙusa ta saki. Ka ce sai ka ga ƙashin kujerar kafin a sa soso. Ka zauna a kai, ka girgiza, in ta yi ƙara yanzu, gaba sai abin da ya ƙaru. A shafa mata maganin gara. Ƙasarmu a jiƙe take rani da damina, lema na hawa bango, saboda haka a yi mata ƙafafu masu ɗan tsawo yadda tsintsiya za ta shiga, kada kuma ka manna ta da bango.

Soso ka nemi mai tauri. Mai laushin nan da ke nutsewa da mutum yana da daɗi a shago, bayan wata shida ya zama fanke, katako ya riƙa taɓa maka haƙarƙari, ga shi dama bayanka kake lallashi. Karammiski yana da kyau a ido, amma ka tuna ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da kake shigowa da shi a riga. Leda kuma in zafi ya yi tana manne wa fata, ta tsattsage. Yadi mai kauri, mai duhu-duhu, da riga ta sama da za a cire a wanke, shi ya fi. Ta gwanjo kuwa sai ka yi hattara, ka buɗe ɗinkin da tocila ka duba, domin kuɗin cizo in ya shigo gida a cikin soso, fitar da shi sai an sha wuya.

Wajen biya, ka ba kafinta kuɗin kayan aiki, ka riƙe ladansa sai ya gama, ku kuma sa rana a gaban shaida. Kada ka ba da aikin gab da salla, lokacin da amare suka yi masa yawa, zai yi maka na gaggawa. Ka bari sai an kwashe alkama ka ga yadda kasuwa ta tsaya. Ranar da za ku Na'ibawa ka biyo ta gidana mu tafi tare, ina da ƙofar da nake so a canza wa katako.