Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Kwamfuta Ke Lissafa Diyyar Inshorar Gona

Malam Garba daga Zurmi yana tambaya: ta yaya kamfanin inshora zai biya diyya alhali jami'insa bai taka gonar da ta lalace ba?

A tsarin da aka saba, irin wanda hukumar inshorar noma ta NAIC ta daɗe tana bi, manomi ne ke kai rahoto, jami'i ya je ya ga ɓarnar da idonsa, ya cika takarda, sannan a jira. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, inda hanya ba ta da tsaro, jiran kan yi tsawo.

Sabon tsarin shi ne inshorar ma'auni. Ana sa wa ruwan sama ma'auni tun kafin shuka. Tauraron ɗan'adam yana auna ruwan da ya sauka, kwamfuta tana kwatanta shi da ma'aunin. Idan ruwa ya gaza, diyya ta wajaba, kuɗi su shiga asusun manomi. Babu rahoto, babu jiran jami'i.

Sai dai ma'auni na yanki ne, ba na gona ɗaya ba. Gero na iya ƙonewa a wata gona kusa da Ƙaura Namoda, amma lissafin yankin ya nuna ruwa ya wadata, a rasa diyya. Wannan babban rauni ne. Haka kuma ɓarnar tsuntsaye ko barin gona saboda 'yan bindiga ba sa cikin ma'aunin ruwa.

Saboda haka, Malam Garba, a nemi bayanin ma'aunin kafin a sa hannu. Ƙorafi kuwa, hukumar da ke kula da harkar inshora, NAICOM, ake kai wa.