Yadda ake sanyaya kwamfuta da ruwa a ƙasar sanyi

A gari irin Winifeg na Kanada, inda sanyin Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, mai kwamfutar da ke zafi yakan yi sha'awar fitar da lagiretonta bayan taga, iskar waje ta sanyaya ruwan a kyauta. Ana yin haka kuma yana aiki, amma sai an kiyaye abu biyu: daskarewar ruwa a waje da taruwar raɓa a ciki.

Fara da auna ɗakinka. Sayi ƙaramar na'urar auna zafi da laima, ka ajiye ta kusa da kwamfutar. Idan ɗakin yana digiri 21, laima kuma kashi 40 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da kusan digiri 7 zai fara gumi, kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. Idan laimar ta kai kashi 50, iyakar takan hau zuwa wajen digiri 10. Gumin nan a jikin tiyo yake farawa, ya gangara a hankali, ya ɗiga kan katin hoto ko babban allon kwamfutar, wuta ta haɗu, kaya su ƙone. Shi ya fi ƙanƙara ɓarna, don ba ya nuna alama. Saboda haka ka sa wa ruwan da ke shiga kwamfutar iyaka, kada ya sauka ƙasa da digiri 15.

Sai tsarin tiyo. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya zagaya da ruwa ɗaya daga waje har kan furosesa. Raba shi gida biyu. Zagayen ciki ya ɗauki tataccen ruwa da ɗan maganin hana tsatsa da gansakuka, na waje ya ɗauki ruwa mai maganin daskarewa. Su haɗu a musayar zafi mai faranti, wani ɗan akwatin ƙarfe da ruwan biyu ke wucewa gefe da gefe, zafi ya tsallaka ba tare da sun gauraya ba. Kowane zagaye da famfonsa. Famfo mai ƙarfi ya fi dacewa da waje, saboda ruwan yana kauri in ya yi sanyi.

Maganin daskarewa dole ne, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara, kuma hakan ya isa ya tsaga lagireto a dare ɗaya. Irin na mota, etilin gilaikol, idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Sai dai guba ne mai zaƙi a baki. Gidan da akwai yara ko kyanwa, a nemi furofilin gilaikol. Kada a zuba fiye da abin da sanyin garin ke bukata, don yawansa yana rage wa ruwa ƙarfin ɗaukar zafi.

Wajen sayen kaya, kada ka haɗa tagulla da alminiyam a zagaye ɗaya, alminiyam ɗin zai cinye. Tiyon waje ya zama baƙar roba ta EPDM, wadda ba ta sandarewa da sanyi. Naɗe shi da soson rufi tun daga taga har bakin musayar zafi, ka manne gaɓoɓin da tef yadda iskar ɗaki ba za ta taɓa shi ba, sannan ka toshe kafar tagar.

Kafin ka kunna kwamfutar, gwada yoyo. Cire wuta daga komai sai famfo, shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa, ka bar ruwa yana zagayawa awa 24. Ɗan karkata akwatin kwamfutar lokaci-lokaci don iskar da ta maƙale ta koma tankin ruwa.

Daga nan sai ka sa ma'aunin zafi a zagayen ciki, ka ɗora gudun fankokin waje da famfon waje a kansa: ruwa ya yi ɗumi su ƙara gudu, ya kusa digiri 15 su lafa. Makon farko ka riƙa shafa tiyon ciki da yatsa, musamman bayan an yi girki ko wanka, lokacin da laimar gida ke tashi. In ka ji danshi, kashe kwamfutar nan take, ka ɗaga iyakar da digiri biyu ko uku.