Yadda za ka bi sawun kakanka da ya sari daji a Kudancin Kaduna

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Jama'a, Zangon Kataf, Kaura, Kachia ko Jaba ba a ambata maka wani kaka da ake cewa shi ya fara zama a wurin ba. Wani daga kan dutsen Kagoro ya sauko bayan an daina farmakin kamun bayi. Wani bafatake ne da ya yada zango, ƙasar ta yi masa, ya saki jaki ya ɗauki garma. Wani kuwa aikin layin dogo ne ya kawo shi Kafanchan, da aiki ya ƙare ya roƙi daji ya sara. Ba a yi wa ɗayansu takardar haihuwa ba, domin dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Najeriya sai bayan zamaninsu ta fito. Saboda haka sunan kakanka yana bakin mutane, aikinsa yana jikin gona, takarda kuma yawanci shekara kawai za ta ba ka. A kan wannan tsari za ka jera aikin.

Mataki na farko: fara da kanka, ka koma baya

Sami littafi mai kauri. Rubuta sunanka, na mahaifinka, na kakanka, har inda saninka ya tsaya, kowane mutum da shafinsa. Kada ka faro daga wani mashahurin mutum da ake danganta gidanku da shi ka yi ta neman hanyar da za ta sado ku. Mai yin haka kullum yana samun hanyar, ko da babu ita.

Mataki na biyu: je wurin tsofaffi, kuma kada ka jinkirta

Wannan shi ne rabin aikin. Ka tafi da rani, bayan an kai amfani gida, ko lokacin Kirsimeti da Sallah da 'yan birni ke dawowa. Ka riƙe goro ko ɗan abin gaisuwa, ka gaisa a tsanake, ka nemi izini kafin ka kunna waya don ɗaukar murya. Idan tsohon ya fi sakewa da yaren gida, Tyap ne ko Jju ko Hyam ko Fulatanci, bar shi ya yi da shi. A Hausa zai taƙaita maka, a yarensa ne sunayen rafuka da duwatsu da zuriya za su fito.

Kada ka ce, "Baba, ba ni tarihin gidanmu." Abin da za ka samu shi ne jawabin da aka saba yi a taron biki. Yi ƙananan tambayoyi: "Baba, wa ya nuna wa kaka wurin da zai sara? Me ya kai wa mai ƙasar, kaza ce ko damin dawa? Me ya fara shukawa, acca ko dauro? A ina aka binne shi? Wane gida ne ba ma aure da su, kuma me ya sa?" Tambayar ƙarshen nan takan tono dangantakar da kowa ya manta, domin hanin aure ya fi jerin sunaye daɗewa a ƙwaƙwalwa.

Ka ware lokaci na musamman domin tsofaffin mata, musamman gwaggo da aka aurar wani ƙauye. Maza sukan riƙe jerin ubanni da iyakar gona. Mata su ne suka san uwar wane, daga wane gari aka auro ta, wace ce ta fita ta sake aure ta bar ɗa, wane ne agola, wane ne ɗan riƙo. A ƙasar da mace kan yi aure fiye da ɗaya a zamanin da, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana game da Kagoro da Kadara a 1953, wanda bai tambayi mata ba zai ɗora reshe a kan itacen da ba nasa ba. Ka kuma gana da kowane tsoho shi kaɗai, don in ka tara su babban cikinsu ne zai yi magana, saura su gyaɗa kai.

Mataki na uku: tattara duk sunayen mutumin

Kakanka yana iya zama da suna uku: na yare da aka raɗa masa, na Hausa da malamin haraji ko 'yan kasuwa suka laƙaba masa, irin su Dogo, Baƙo ko Tanko, sai na baftisma ko na shiga Musulunci, Bulus ko Yohanna ko Audu. Haka ƙabilu da garuruwa. Takardun Turawa ba su san Atyap, Bajju, Ham, Agworok, Asholio, Gwong ko Adara ba. Katab, Kaje, Jaba, Kagoro, Moroa, Kagoma da Kadara za ka gani. Rubuta kowane suna da duk yadda ake iya rubuta shi, ka ajiye a bangon littafinka.

Mataki na huɗu: taka gonar da ƙafarka

Nemi dattijon da ya san iyaka ya zaga da kai. Ka lura da kufai, shingen kerana, tsohuwar rijiya, dutsen niƙa, kabari, da itatuwan da aka bari tsaye lokacin sara. Tambayi wa ke da ikon ɗiban kalwar ɗorawar da ke cikin gonar. Idan wani gida ne daban yake ɗiba har yau, akwai alamar cewa aro aka ba kakanka, ba dajin banza ya tarar ba. Ɗauki hoto, ka sa waya ta riƙe maka daidai wurin a taswira.

Idan garma ta tono kasko ko kashin maƙera, kada ka yi saurin cewa na kakanka ne. A ƙauyen Nok na ƙasar Jaba aka fara tsintar gumakan yumɓun nan a 1928, kuma sun haura shekara dubu biyu. Ƙasar nan an sha zama a cikinta a tashi.

Mataki na biyar: ɗaura labari a jikin shekara

Tsoho ba zai ce maka 1931 ba, amma zai ce "shekarar fara". Ka riƙe waɗannan turaku a kai: shigar Turawa Zariya a 1902, annobar mura ta 1918, isowar jirgin ƙasa Kafanchan a 1927, farin ɗango na farkon shekarun 1930, komawar fadar Sarkin Jama'a Kafanchan a 1933, ɗiban gwamna, wato aikin tilas a ramukan kuza na Jos, daga 1942 zuwa 1944, husufin rana na 20 ga Mayu 1947, zuwan Sarauniya a 1956, canjin hannu a 1972 da canjin kuɗi a 1973. Sai ka tambaya: "Da aka yi ɗiban gwamna, kaka ya yi aure? Da jirgi ya zo, ya riga ya sauko daga dutse?" Amsa biyu ko uku irin wannan sun isa su killace haihuwar mutum cikin shekara goma. Inda babu turke, ka ba kowane ɗa da uba tazarar shekara 25 zuwa 30, ka rubuta a fili cewa ƙiyasi ne.

Mataki na shida: takardun da ke kusa da gida

Roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka. Rasit ɗin haraji shi ne abin nema na farko, don yana ɗauke da suna da ƙauye da shekara, kuma mutane sun adana shi saboda tsoron dogarai. Haraji da jangali sun ci gaba a Jihar Kaduna har gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a 1979. Duba kuma littafin sallamar soja na waɗanda suka je yaƙin Bama, takardar fansho ta ma'aikatan jirgin ƙasa, bangon Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, da gefen kundin malamai, inda akan rubuta ranar haihuwa da rasuwa.

Daga nan sai coci. Mishan ɗin SIM ya kafa tasha a Kwoi tun 1910, daga baya a Kagoro, kuma ECWA ce ta gaje shi a 1954. Ka sani su manya suke yi wa baftisma, don haka shekarar da ke rajistarsu ba ta haihuwa ba ce. Rajistar Katolika ta fi amfani ga mai neman zuriya, saboda takan kawo sunan uba da uwa. Tun da sai a 1995 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Kafanchan, ka tambayi wace tsohuwar majami'a ce take kula da ƙauyenku a wancan zamani, littafin yana can.

Sai fadar dagaci da hakimi, da tsohuwar kotu. Idan an taɓa shari'ar gona a gidanku, ka yi sa'a, domin shaidu sukan jero wanda ya sara da wanda ya gada. Wasu takardun sun ƙone a rikice-rikicen 1987, 1992 da 2011, wasu gara ta cinye. In aka ce babu, tambayi gidan tsohon malamin haraji ko magatakardan kotu.

Mataki na bakwai: Kaduna

Sai ka gama duk wannan za ka nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, da Gidan Arewa da ke titin Rabah. Tafi da katin shaida da takardar gabatarwa. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne lardi. Jama'a tana ƙarƙashin Lardin Nasarawa har 1926, sannan ta koma Lardin Filato, daga baya Zariya, alhali Zangon Katab, Kachia da Kauru gundumomin Zazzau ne tun farko. Don haka ka duba jerin fayilolin ZARPROF da JOSPROF da SNP, kada ka tsaya a ɗaya.

Nemi rahoton kimanta haraji na gundumarku. A ciki jami'in Bature yakan lissafa ƙauyuka, sunan dagaci, yawan magidanta, amfanin gona da dabbobi, wani lokaci da taswira. Ba lallai ka ga sunan kakanka ba. Amma in ƙauyenku ba ya cikin rahoton farko, ya bayyana a na gaba, ka san tsakanin da aka kafa shi. Littattafan C. K. Meek na 1931 da Harold Gunn na 1956 suna taimakawa wajen sunayen zuriya, sai dai ka karanta su da lura: ta bakin tafinta da dogarin hakimi suka ji yawancin abin da suka rubuta, kuma raini bai ɓuya a kalmominsu ba.

Mataki na takwas: rubuta, ka bambance ji da gani

A gaban kowace magana ka sa inda ta fito: wane ya faɗa a rana kaza, na gani a gona, na karanta a fayil mai lamba kaza. In ruwaya biyu suka saɓa, kawo su duka. Kana iya tarar da cewa kakan bawa ne da ya tsere ko aka 'yanta, ko shi ne ya kama na wasu, ko kuwa baƙo ne aka ba shi aron ƙasa. Rubuta hakan yadda yake, amma ka karanta wa dattawan gida kafin ya fita waje, domin a Kudancin Kaduna maganar wa ya riga wa zama ta ci rayuka, kuma littafin zuriya ba takardar mallakar fili ba ne. Mai neman wannan sai ya bi ta hukumar KADGIS.

In ka kammala, buga kwafi da yawa ka raba wa kowane ɗaki na gidan, har da 'ya'yan mata. Muryoyin da ka ɗauka kuma ka juye su daga waya zuwa wuri biyu daban, kowace da sunan mai magana da ƙauye da kwanan wata.